Saiwar Albasa a Ruwan Kwargaba

A shekarun da Turawa ke zancen tafiya amma ba su sa rana ba, awaki suka fara mutuwa a bakin tafkin Kwargaba. Mutanen gari suka ce aljanu masu tafkin ne suka yi fushi. Ofishin gona na Wurno ya ce a ɗebo ruwan a auna, aka tura Malam Mainasara.

Mainasara ya yi karatun gona a Samaru, kuma ba ya bari a manta. Da ya tsuguna da kwalbarsa, mai gari Maccido, aminin marigayi ubansa, ya dafa shi.

"Ɗana, ka yi sallama tukun, ka ce musu aro kaka yi. Haka mu ka ɗiba."

"Wa za shi amsa, Baba? Kwaɗi?"

Ba wanda ya taya shi dariya, sai ya ƙara. Ya kamfaci ruwan da tafi ya sha a gaban jama'a. "In da mai shi, shi biyo ni Wurno." Tsohon ya janye hannunsa, ya dubi ƙasa.

Aunawar ba wuya. Ana ɗora albasa a bakin kwalba, gindinta na taɓa ruwa. In ruwan lafiyayye ne, saiwa ta fito fara, ta yi tsawo. In da guba, ta tsumbure. Sai a yanki kan saiwar, a kashe shi da ruwan tsami, a rine, a matse tsakanin gilasai, a leƙa ta madubin likita. A nan za a ga ƙwayoyin halitta jere kamar saƙar zuma, a ƙirga waɗanda mutuwa ta riska suna rabuwa biyu. Guba takan rage su.

Bayan 'yan kwanaki, dab da magariba, ya leƙa ɗakin awon da ke Wurno don ya kulle. Albasar ruwan rijiya, wadda ya ajiye don kwatance, ta yi saiwa daidai misali. Ta Kwargaba kuwa ta cika kwalba maƙil, har gilashin ya tsage. Ɗakin na warin taɓo.

Mainasara ya ce a ransa wannan abin lura ne. Ya yanka, ya kashe, ya rine, ya karkata ɗan madubin da ke ƙasan na'urar ya tari sauran hasken taga.

Babu ƙwaya ɗaya da ke hutawa. Duk rabuwa suke yi.

Can ya tuna cewa ya kashe su. Matacciya ba ta motsi. Amma ga wata a tsakiya ta tsuke ƙugu, ta tsinke, ta zama biyu. Biyun suka tsuke.

Ladan ya fara kira daga nesa. A ɗakin, numfashi biyu ke fita.

Ya riƙe nasa. Ɗayan ya ci gaba.

Wani sanyi ya tsaga shi daga goshi, ya bi karan hanci, ya sauka cibiya, kamar ana ja masa zare. Hannunsa na hagu ya saki tebur ba da izininsa ba. A bango, inuwarsa ta tsuke ƙugu.

"Matsa kaɗan," in ji wata murya a cikin kunnensa. Tasa ce, sai dai ta fi ladabi. "Mun matsu."

"Mi... mi kaka so?"

"Kai kac ce in biyo ka."

Wani abu ya ɓalle a ƙirjinsa, ɗas.

Bai san ta ƙofa ya fita ko ta taga ba. Ya dai tsinci kansa a cikin lambun albasar wani manomi, ba hula, takalmi ɗaya, yana amai yana karanto duk abin da ya rage masa na karatun allo. A nan ya ga fitowar rana.

Da ya lallaɓa gida, matarsa Zinariya ta tare shi da fara'ar da ya daɗe bai gani ba. "Jiya ka cinye tuwon tas, har da sa albarka. Halan ciwo kaka yi?"

Kafin ya sami amsa, aka yi sallama. Maccido ne da dattawan Kwargaba, ƙafafunsu duk ƙura. Tsohon ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Tahiyar da kay yi daren jiya, ka durƙusa gaban jama'a ka roƙi gahwara, ka ce a shinge tabki kar yara su sha, ba kowane mai ilimi ka iya ta ba. Na ga ubanka cikinka."

Mainasara ya buɗe baki zai ce ba shi ba ne. Ya dubi idon tsohon, ya ga ƙwalla. Ya rufe.

"Ba komi, Baba," ya ce.

Aka shinge tafkin, mutuwar awaki ta tsaya. Shi kuwa ya rame kamar an ɗebe rabinsa, ya rage dariya. Daga Goronyo har Rabah akan tare shi a yi masa godiyar ta'aziyyar da ya je, ko majinyacin da ya kwana yana jinya. Yakan amsa, kansa a sunkuye. Mutane suna cewa tawali'u ne.