Musabaha da Karyayyen Hannu

Dokin roba ne ya haɗa su, kuma ba cikin lalama ba. Muhsina ta fito daga kemis ɗin da take aiki a bakin tashar Rano, tana gyara mayafi, sai ji ta yi wani abu ya daki goshinta ƙwal! Ta shafa wurin, ta ga jini a yatsunta.

A rumfar da 'yan kulob ɗin ces, wato darar Turawa, suke haɗuwa duk Asabar bayan La'asar, faɗa ya kaure. Wani dogon saurayi ya ci kwalar wani, allon wasa ya kife, 'ya'yan wasan sun watse har bakin titi.

"Ka taɓa sarauniya, ita za ka tura! Doka ce!" in ji dogon, yana jijjiga ɗan'uwansa.

Muhsina ta ɗauki ɗan dokin wasan da ya dake ta, ta taka har cikin rumfar.

"Waye mai wannan?"

Dogon ya juyo a fusace. Da ya ga jini a goshinta, ya ga idanun da ke ƙarƙashin goshin, sai hannunsa ya saki kwalar da kansa.

"Ni ne... Don Allah ki yi haƙuri, ƙanwata."

"Gandan-gandan da kai, kana dambe a kan 'yar tsana? Allah Ya shirya."

Mujahid ke nan, malamin lissafi daga Kibiya. A kudancin Kano duka babu mai ja da shi a kan allo, ya ciyo kofi a Wudil, ya zo na uku a Kano. Sai dai zuciya gare shi kamar kuturu. Wanda ya shaƙe kuwa Munzali ne, ɗan wani dillalin hatsi, wanda ya shekara yana sintiri a ƙofar kemis ɗin nan ba a taɓa ba shi fuska ba.

Washegari Mujahid ya zo ba da haƙuri. Jibi ma ya dawo, wai duba goshi. Goshi ya warke, dubiya ba ta ƙare ba. Da ya tafi wata gasa, sai ya kira ta a waya.

"Sarauniyata, yau na ci wasa uku a Zariya, amma duk lokacin da na kalli allo ke nake gani. Ki yi min addu'a, gobe ne na ƙarshe."

"Allah Ya ba da sa'a, Malam Zafi. Ka ci da kai, ban da hannu. Ina jiranka."

Ba ta san bakinta ya faɗi abin da zai faru ba. A wasan ƙarshen nan abokin karawarsa ya yi masa dariya, Mujahid ya ɗaga allon katako ya rafka masa a ka. Ɗinki biyar aka yi wa mutumin. Aka kori Mujahid daga gasar, aka dakatar da shi shekara guda.

Labari ya riga shi isowa Rano, don Munzali da kansa ya kai shi zauren Malam Ramalan, mahaifin Muhsina. Da Mujahid ya je gaisuwa, Malam ya bar shi a durƙushe har ya ƙare shafin da yake karantawa.

"Na bincika wasan naku, an ce babu caca a ciki, wannan ban da magana. Amma yaro, wanda ya fasa kan mutum saboda guntun itace, me zai yi wa matarsa ran da gishiri ya zarce a miya? 'Yata ba allo ba ce. Tashi ka tafi."

Muhsina ta yi kuka har idanunta suka kumbura, don tana sonsa, kuma ta san gaskiya mahaifinta ya faɗa. Saƙo ɗaya ta tura masa.

"Ina sonka, Mujahid, Allah Ya sani. Amma ina tsoron hannunka. Ran da Baba ya daina tsoronsa, ni taka ce."

Ya karanta ya fi sau ashirin. Ya ɗaga wayar zai maka ta da bango, sai ya tsaya, ya kalli hannun, ya ji kunyar kansa ta kama shi.

Shekarar nan ta yi masa tsawo. Yana zuwa rumfa, a tsokane shi, ya cije leɓe ya koma Kibiya. Mutane suka ce damisa ce ta yi barci, ba hali ta sake ba. Malam Ramalan ma haka ya ce.

Da wa'adin ya cika, kulob ya shirya gasar kudancin Kano a wani ɗakin taro a Rano, aka roƙi Malam Ramalan ya buɗe ranar ƙarshe da addu'a. Kwana biyu ana fafatawa, aka rage mutum biyu: Mujahid da Munzali.

Da safiyar ranar ƙarshen Mujahid ya taso daga Kibiya a babur. Bai yi nisa ba ya ga an gicciya itace a hanya tsakanin gonakin dawa. Yana rage gudu mutum uku suka fito da gora. Ta farko ta sauka a kafaɗarsa, ya faɗi, babur ya danne masa ƙafa. Suka rufe shi da duka, baki ya fashe, ya ji gishirin jini a harshensa. Ɗaya ya take masa wuyan hannun dama, ɗaya ya ɗaga gora ya sauke a kan yatsun. Ƙarar da ƙashin ya yi, shi kansa mai dukan sai da ya ja baya.

"Sai mu ga da me za ka tura doki," in ji shi. Mujahid ya gane muryar, yaron shagon su Munzali ne.

Wani manomi ya ɗauko shi zuwa kemis. Muhsina na ganinsa ta saki salati. Yatsu biyu sun karkace, sun kumbura suntum. Tana ɗaure su da tsinken katako da bandeji, hawaye na zuba.

"Asibiti za mu, masoyi. Wasan banza, a bar musu!"

"In ban je ba, za a ce tsoro na ji. Kuma Babanki yana can."

"To ka yi min alkawari."

"Wallahi zuciyata tafasa take, Muhsina. Ji nake kamar in kashe Munzali."

Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu, abin da ba ta taɓa yi ba. "In ka taɓa shi, ka rasa ni. Shi ma ya sani, shi ya sa ya yi."

Ƙa'idar gasa ce, kafin a fara wasa sai 'yan wasa sun yi musabaha, kuma da dama ake yi. Munzali ya miƙo hannu yana murmushi. Halliru, alƙalin wasa, ya ce a bari saboda rauni, amma Mujahid ya miƙa nasa. Munzali ya kama yatsun nan ya matse, ya murza, yana kallon cikin idonsa.

"Sannu da hanya, angon da ba amarya," ya raɗa masa.

Jini ya ɓullo ta bandejin. Gumi ya karyo wa Mujahid, ɗakin ya juya masa. Malam Ramalan na zaune a layin gaba, carbinsa ya tsaya cak.

"Bismillah," Mujahid ya ce, ya zauna.

Da hagu ya yi wasan, da hagu yake danna agogon ƙirga lokacin wasa. Awa biyu ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Ya ba da doki, ya ba da sarauniya, 'yan kallo suka ce zafin ciwo ya taɓa masa kai. Munzali ya kwashe yana dariya. Turi uku bayan nan dariyar ta ɗauke, don wani ƙaramin sojan Mujahid ya rufe wa sarkinsa ƙofar ƙarshe.

"Sarki ya mutu," in ji Halliru.

Munzali ya fizgi agogon wasa ya maka wa Mujahid a fuska. Gira ta tsage, jini ya wanke masa ido, ya ɗiga a kan allo. Mujahid ya miƙe, kujerar ƙarfe na hannunsa na hagu, ta riga ta kai sama. Mutane suka dare. Duk wanda ya san shi ya san yau sai an ɗauki gawa. Munzali ya faɗi ƙasa ya kare kansa da hannu.

Kujerar ta daɗe a sama. Sannan ta sauko a hankali, ta zauna a kan ƙafafunta huɗu.

Mujahid ya share jini da hannun riga, ya sunkuya, ya miƙa wa Munzali karyayyen hannun nan a karo na biyu.

"An gama wasa. Doka ta ce mu gaisa."

Munzali ya kasa kamawa. Ya fashe da kuka, 'yan sanda biyu da ke gadin ƙofa suka yi waje da shi.

Malam Ramalan ya taso, ya ciro hankicinsa ya danne wa Mujahid girar da kansa.

"Na ga masu ƙarfi da yawa, yaro. Yau na ga wanda ya fi ƙarfin kansa. Je ka asibiti. In an sallame ka, ka turo magabatanka."

Bayan an girbe dawa aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam, jama'ar Rano da ta Kibiya suka cika layin har tasha. Yatsun nan biyu ba su ƙara miƙewa daidai ba, da hagu yake wasa har yau. Ran da amarya ta tare, ya ɓoye hannun a aljihu, wai kunyar muninsa yake ji. Muhsina ta zaro shi, ta ɗora a kumatunta.

"Kar ka ƙara ɓoye min shi, angona. Baba cewa ya yi wannan hannun ya ba wa 'yarsa."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Ya sanyaya zuciyar duk wanda ya danne fushinsa saboda wanda yake so. Amin.