Kawunan Jamusawa

Kwali ne ya fashe a wurin auna kaya kusa da filin jirgin Baiyun, fararen kawuna suka gangaro har gaban Radiyya. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, wani tsoho mai gashi buzu-buzu.

"Malam, ga kakanka nan ya faɗi."

Saifullahi, mai kwalin, ya karɓa da hannu biyu, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce mata a Jamus akwai wani farin zaure a kan tudu, bakin kogi, inda suka jera kawunan manyansu na dutse, sarakuna da masana da makaɗa. Kamfanin da yake wa aiki a Guangzhou ƙananan irinsu yake zubawa, ana sayar wa masu yawon buɗe ido.

"Su ba sa barin matattunsu su huta?"

"Tsoro suke kada a manta fuskokinsu."

Ranar ya manta da awon kayan, amma bai manta ya karɓi lambarta ba.

"Sahibata, yau na gyara hancin wani sarki, ke nake ta tunani," ya rubuta mata.

"Sarkin kawuna, hancina ya fi nasa. Ka ci abinci?"

Mahaifinta, Alhaji Abdulgani, ɗan Kano ne mai sayen abaya a kasuwar Baima. Ciwon ƙoda ya ɗaure shi a garin, don nan ake masa wankin jini, ita ce kuma take kai shi asibiti. Umar Faruƙ, mai wandunan jins a Xintang, ya daɗe yana zawarcin amincewar Alhaji don ya ba shi aurenta, kuma mutum ne da bai iya rashin nasara ba. Shi ya je kamfanin da sunan ciniki, ya ɗauki Saifullahi hoto ya durƙusa a gaban wani kai, goshinsa dab da ƙasa, ya tura wa Alhaji.

Alhaji ya miƙa wa 'yarsa wayar.

"Wannan mene ne?" ta tura wa Saifullahi.

"Mazaunin kan nake gogewa, wallahi. Kin san ni."

Ta san shi, amma hoton ya ƙi fita daga idonta, wannan ya fi komai cin ta.

Saifullahi ya je wurin Alhaji da kansa, ya zauna a ƙasa.

"Na yarda ba sujada ka yi ba," in ji Alhaji. "Amma 'yata ba za ta ci daga ƙera siffar mutane ba. Ka bar aikin."

"Baba, takardar zamana a kan aikin take. In na bari, sai na bar ƙasar."

"Na sani."

Radiyya tana bayan ƙofa, ta gane abin da su biyun ba su furta ba. In ya tafi, matarsa za ta bi shi, Alhaji kuma ba shi da halin tafiya. Ta shigo tana kuka.

"Abba, na haƙura da auren. Wa zai kai ka asibiti?"

"Gwaggonki Barira tana nan. Ba zan riƙe ki saboda ciwona ba, uwata."

Saifullahi ya yanke shawarar ajiye aikin. Laoban, mai kamfanin, ya roƙe shi ya zauna har ya gaji. Da Saifullahi ya tambayi wani aikin da babu fuska a ciki, amsar ɗaya ce: "Meiyou," babu.

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, aka raba dabino. Ba a yi wani taro ba, ango da amarya suna ta haɗa akwatin komawa gida.

A Baiyun, Alhaji yana kan keken marasa lafiya, ƙafafunsa sun kumbura. Ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Saifullahi, amana."

"Na karɓa, Baba."

Sun juya ke nan ya kira ta. Mutumin da in ba don fasfo ba bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba, sai ga shi yana gyara zaman hularsa.

"Ɗauke ni, uwata. 'Ya'yanki za su tambaya."

Ta ɗaga wayar, ta kasa ɗauka. Mijinta ya karɓi wayar, ya durƙusa daidai fuskar tsohon, ya ɗauka.