Mabiyiyar da Gwaggo Tasalla ta Sato

Ku matso kusa, ku rage wutar fitilar nan. Wanda ya san fitsari zai matse shi, ya je yanzu, don in na fara babu mai samun ɗan rakiya.

A Unguwar Marke an yi wata ungozoma, Gwaggo Tasalla. Rabin mutanen garin ita ta yanke musu cibiya, amma ita Allah bai ba ta ko ɓari ba. Mijinta ya rasu da daɗewa. Gidanta ne na ƙarshe ta gabas, daga shi sai hanyar rafi. Ranar suna a kawo mata kan rago da ƙwaryar hatsi, a yi ta sa mata albarka, da yamma kowa ya koma cikin 'ya'yansa. Ita kuwa ta dawo ta tuƙa tuwon mutum ɗaya. Kaɗaici ya ci ta har ta saba magana da murhu.

Wani dare cikin damina, ruwa ya ɗauke ke nan, ta ji an tsaya a bakin zaure. Ba a yi sallama ba.

"Ungozoma." Muryar ta hanci take fita, siririya. "Mace na kan gwiwa."

"Gidan wa?"

"Ki taso."

Tasalla ba ta taɓa mayar da mai kiran haihuwa ba. Ta ɗauki jakarta mai aska da zare da tsummoki, ta fito. Wani dogon mutum ta gani, ya rufe fuska da rawani, yana riƙe da fitila. Ya juya, ta bi shi.

Sun yi nisa kafin ta lura. Damina ce, ƙwari ko'ina, amma ko ɗaya bai kusanci fitilarsa ba. Ta dubi ƙasa. Yashi jiƙe yake, sawunta na fita raɗau. Nasa babu. Da suka ƙetare rafi, ruwa ya kai mata gwiwa, shi kuwa ko bakin wandonsa bai jiƙe ba. Kwaɗi suka yi tsit.

Ta so ta juya, sai iska ta kawo mata nishi daga nesa. Nishin nan ta san shi, shekara arba'in tana jin irinsa. Ta yi bismilla a zuci ta ci gaba.

A tsohon kufai ya tsaya, inda ta san babu komai sai rusassun katangu da tumfafiya. Yau ga ɗaki a tsaye, har da asabari a ƙofa. Ya ɗaga ƙafa zai shiga. Tasalla ta zaro aska ta riƙe a fili, don ta sha jin cewa mutanen ɓoye ba sa shiri da ƙarfe.

"Namiji ba ya shiga ɗakin haihuwa," ta ce. "Ko a ina ne."

Ya ja da baya har gindin katanga.

A ciki wata mace ce durƙushe ita kaɗai, ba mai riƙe ta, ba mai share mata gumi. Da ta ɗago kai, Tasalla ta kusa sakin askar. Kuluwa ce. Marainiyar nan da mijinta ya rasu ya bar ta da ƙaramin ciki. Tana cikin takaba ta fita neman itace da magariba, don ba ta da wanda za ta aika, ba a ƙara ganinta ba. An neme ta kwana bakwai, aka haƙura.

"Gwaggo," Kuluwa ta ce da raɗa, "ashe za ki zo."

"Ni na karɓe ki ranar da kika zo duniya. Riƙe wuyana. Yi nishi."

An daɗe ana fama. Tasalla ta tallafe ta, tana shafa mata baya, tana faɗa mata irin maganganun da uwa ke faɗa. Can sai ga 'ya mace ta faɗo, ta tsala kuka irin na 'yan Adam. Mabiyiya ta biyo baya. Tasalla ta ɗaure cibiya da zare, ta yanke.

"Tashi mu tafi," ta ce. "Zan goya ki in ta kama."

Kuluwa ta girgiza kai. "Na ci tuwonsu, na sha ruwansu. Yunwa ce, Gwaggo, ga ciki. Ni kam na zama tasu. Jaririyar suke jira."

"Me za su yi da ita?"

"Hannunsu ba ya iya taɓa mabiyiya, shi ya sa aka kira ki. In kika binne ta a ƙasar nan, yarinyar ta zama 'yar nan har abada. In ta sha nonona, haka."

Kun dai sani, inda aka binne mabiyiyar mutum, nan ne gidansa. Ko ya je Gabas ya dawo, ƙasar nan tana kiransa.

Tasalla ta dubi mabiyiyar. Sai ta kwance zanenta, ta naɗe mabiyiyar cikin tsumma, ta ɗaure ta tam a kan cikinta, ta mayar da zane. Ta tattara sauran tsummokin jini, ta cusa musu curin laka, ta ƙulle.

"Za ki iya hana ta nono?" ta tambaya.

Kuluwa ta dubi jaririyar. Ta daɗe tana dubanta. "Zan iya."

Tasalla ta fito. Mutumin na tsaye inda ta bar shi. Ta zaga bayan ɗaki, ta tona rami da hannu, ta binne ƙullin laka, ta daddanna.

"Kin binne?"

"Na binne." Tunda take ba ta taɓa ƙarya a kan aikinta ba sai ranar. Ta ƙara da cewa, "Kada a sa ta a nono sai bayan kwana uku, sai dakashi ya wuce. Ruwan sama kaɗai za a ɗiga mata. Haka al'adarmu take."

A wancan zamani haka ake yi. Yanzu malaman asibiti sun ce kuskure ne babba, nonon farkon nan shi ne maganin jariri, kuma gaskiyarsu. Amma a daren nan kuskuren ya yi rana.

Ya miƙo mata ƙwarya cike da fura mai sanyi. Maƙogwaronta ya bushe ƙamas, amma ta ce ta ƙoshi. Suka kama hanya, yana bayanta wannan karon. Mabiyiyar na manne da cikinta, da ɗuminta, da nauyinta. Tasalla na tafe tana hawaye, ba don tsoro kaɗai ba. Tunda aka haife ta, ranar ce ta fara ɗaukar wani abu mai ɗumi a wurin nan.

A bakin rafi ta ji numfashinsa a ƙeyarta.

"Ina jin ƙarnin jini."

"Ungozoma ka ɗauko," ta ce, "ba mai tallan turare ba."

Ta sa ƙafa cikin ruwa. Ba ta waiwaya ba. Sai da ta hau tudu ta ji kwaɗi sun ci gaba da kuka, ta san ita kaɗai ce.

Kafin kiran assalatu ta tona rami a bayan ɗakinta, inda ba a taɓa binne ta kowa ba. Ta wanke mabiyiyar, ta sa ta, ta rufe, ta ɗora dutse.

Ba ta gaya wa kowa ba. Wa zai yarda? Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, shiru. Ta kasa cin abinci. Tana tunanin Kuluwa can cikin kufai, nono ya cika yana mata zafi, 'yarta na kuka a gefenta, ga shi ba halin ta ba ta. Wace uwa ce za ta jure? A dare na uku Tasalla ta fid da rai, ta kwanta tana kallon rufin ɗaki.

Da asuba ta ji kuka a bayan ɗaki.

Jaririyar na kwance kusa da dutsen, naɗe cikin ɗankwalin Kuluwa, zaren Tasalla na nan a cibiyarta. Leɓunanta sun bushe, amma tana da rai. Tasalla ta ɗauke ta, ta ruga bakin darni. A kan jiƙaƙƙen yashi ga sawun mace, ƙafa ba takalmi. Ya zo har bakin darni, ya tsaya, ya nutse sosai kamar an daɗe a tsaye a wurin. Sannan ya juya ya nufi rafi. Tsakanin kowane taku da taku akwai ɗigon farin abu a ƙasa. Tasalla ta taɓa da yatsa. Nono ne.

Ta kira sunan Kuluwa sau uku. Ba a amsa ba.

Wata maƙwabciya mai goyo ce ta shayar da yarinyar. Ranar suna Tasalla ta sayar da akuyarta ɗaya tilo ta sayi rago, kuma karon farko kan ragon ba daga gidan wani aka kawo mata shi ba. Aka sa mata Kyauta. Daga ranar ba a ƙara tuƙa tuwon mutum ɗaya a gidan nan ba. Amma har Tasalla ta koma ga Allah, kullum da magariba sai ta ɗaga yarinyar a bakin darni ta fuskanci rafi, don wadda ke can ta ga yadda take girma.

Me kuke zare ido? E, ita ce. Kaka Kyauta da ke kwance a ɗakin can. Sau uku Kawu yana kai ta birni tana dawowa, kuna cewa rigimar tsufa ce. Dutsen da ke bayan ɗakinta, wanda take hana ku zama a kai, yanzu kun san abin da ke ƙasansa.

Hanyar kufai kuwa, kada wanda ya bi ta shi kaɗai in rana ta faɗi. In kun ji mace na rarrashin jariri a ƙetaren rafi, kada ku amsa, kada ku gudu. Ku yi mata addu'a ku wuce. Ba ta neman kowa da sharri, hannunta ne har yau babu komai.

Nan na ajiye shi. A kashe fitila.