Tangaran a Bakin Rariya

Ranar da Baba Lado zai tafi garin Babban Mutum jinyar ƙanensa, a ƙofar gida suka ƙulla magana da maƙwabcinsa Mati. Kaji bakwai ne. Mati zai riƙe su, duk 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe a raba biyu.

Lado ya miƙa masa wani gwangwani, bakinsa a ɗaure da tsumma. "Wannan tsakuwarsu ce, ka riƙa watsa musu."

Mati ya yi dariya. "Haba Baba! Tsakuwa a Sandamu, garin da ko'ina yashi ne?"

"Yashi wucewa yake yi. Kaza ba ta da haƙori, da tsakuwa take niƙa tsaba a ƙundunta."

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. Kowa ya san kowa, kuma kalmar ɓarawo ta yi nauyi, don ana iya rasa hannu a kanta.

Bayan sati uku Lado ya dawo ya tarar da akurki wayam. Mati da kansa ya raka shi caji ofis, ya ce ranar Talata da la'asar ya ga Jafaru, mai gashin kaji a tasha, yana shawagi a lungunsu.

Sufeto Harisu aka ba aikin. Irin 'yan sandan zamanin da ne, mai tsohon babur da goro a aljihu, ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya.

"Baba, kaji bakwai ne suka sa ka hawaye?"

"Ba kajin ba ne, Yallaɓai. Irin kajin Shatu ne, matata, Allah ya jiƙan ta. Da uwarsu ta shigo gidana tana amarya." Ya share ido. "Tangaran ɗin jerenta shuɗi ne. Duk wanda ya fashe sai ta daddage shi a kan dutse ta ba kajinta. Shi nake ba su har yau."

Sufeto ya tuna kakarsa tana feɗe ƙundu da ƙaramar wuƙa, tana nuna masa abin da kaza ta haɗiya. Ya hau babur ya nufi tasha.

"Jafaru, ina kake ranar Talata da la'asar?"

"Masallaci, Yallaɓai."

"Liman ya ce rabonsa da ganinka tun ƙaramar salla."

Gumi ya karyo wa Jafaru, ya ɓoye hannun damansa a bayansa. Sufeto ya tsuguna wurin da yake zubar da dattin ƙundu, ya tona da tsinke. Na yau, na jiya, na sati guda, duk jar tsakuwa ce, ba shuɗin tangaran ko ɗaya.

"Karta muke yi a bayan tasha," in ji Jafaru a hankali. "Tsoron 'yan hisba ya sa na yi ƙarya. Don Allah, Yallaɓai, hannuna."

"Riƙe abinka tukuna."

Da hantsi washegari Sufeto ya yi sallama a gidan Mati. Kafin a fito, ya tsaya yana duban rariyar da ruwan wanke-wanke ke fitowa lungu. Wani abu na ƙyalli a cikin taɓon. Ya tsince shi ya dunƙule hannu.

"Malam Mati, ka riƙa ba kajin nan tsakuwarsu?"

"Ni? Rigimar tsufa ce kawai, Yallaɓai. Ga gwangwanin can, ko buɗe shi ban yi ba."

Aka kawo. Aka kira Lado ya duba. "Ƙullina ne, ba a taɓa shi ba."

"Kuna da tangaran a gidan nan?"

"Ina muka ga tangaran? Kwanon silba ne da roba."

Sufeto ya buɗe tafinsa. Ɓarɓashi shuɗi guda huɗu, gefensu ya goge ya yi santsi.

"Gwangwani a ƙulle, gida ba tangaran. To ta ina wannan ya biyo rariyarka, in ba a nan aka wanke ƙundun kazar Baba ba?"

Daga cikin gida muryar Kulu matar Mati ta fito. "Malam, ka faɗi gaskiya. Ni dai ka ce mini siyo ta ka yi."

Sai Mati ya durƙushe. Ɗaya suka ci, biyar ya kai kasuwar Mashi, ta bakwai, wata wake-wake, tana kwanci a gidan surukinsa. "Na ga Jafaru kullum da kaji a hannu, na ce ba mai musu."

"Da hannunsa ka so ka rufe cikinka," in ji Sufeto. Ya sa masa ankwa, suka tafi.

Alƙali ya ce cin amana ne, ba sata ba, ya ba shi wata shida.

Jafaru ya tsira da hannunsa, ya bar karta na wata biyu. Lado ya rasa kaji shida, amma wake-waken nan ta dawo da 'yan tsaki tara, ba mai raba su da shi. Mati kuwa ya ci ƙundu ɗaya, ya rasa maƙwabcin da ya yi masa huɗuba ranar da aka haife shi.