Saitin da Ba Shi da Suna

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba a faɗarsa da ƙarfi.

Nafi'u mai haɗa sauti ne a wani ɗakin taro da ke bayan garin Funtuwa, can inda gidaje suka ƙare, sai gonaki da wata tsohuwar tsamiya a jikin katanga. Bai daɗe da karɓar aikin ba. Wanda ya riga shi, Oga Tasi'u, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ya koma ƙauyensu ba su ko yi sallama ba.

Na'urar haɗa sautin da ya gada irin ta zamani ce, mai allo. In ka daidaita muryoyi, sai ka ajiye saitin a cikinta da suna. Ranar da ka kira shi, maɓallan su zame da kansu, kowanne ya koma mazauninsa. To Oga Tasi'u ya yi shekaru yana ajiya ba ya shara. Ga "biki", ga "biki sabo", ga "Hajiya mai ƙara", duk a cakuɗe, har babu wurin ajiye sabo. Washegari kuma akwai walimar saukar Alƙur'ani, mai ɗakin ya ce in lasifika ta yi ƙara ko sau ɗaya, Nafi'u ya nemi wani aiki.

Shi ya sa bayan la'asar ya zauna shi kaɗai, ya sa wa ƙofa sakata. Ya ware na biki gefe, na wa'azi gefe, na taron siyasa gefe. Kowanne sai ya kira shi ya gani, ya gyara masa suna, ya kwafa a filashi. Can ƙasa ya tarar da wani ba suna. Ya kira shi. Maɓallan suka zube ƙasa gaba ɗaya, sai na ƙarshe shi kaɗai ya hau har ƙoli. Kaurin murya duk an yanke, an bar siririn sama, inda ko sauro bai kai ba.

"Wannan ai lalatacce ne," in ji shi. Ya goge. Bai kwafa ba.

Rana ta yi ja a tagogi. Tsuntsayen tsamiya da suka cika wurin da hayaniya suka yi tsit lokaci guda.

"Salamu alaikum."

Nafi'u ya amsa kafin ya ɗaga kai. Wani dogon dattijo ne tsaye a kan dandamali, cikin farar riga har ƙasa. Dandamalin katako ne, ko kyanwa ta hau sai ya yi kuka. Bai ji komai ba. Ya saci kallon ƙofa. Sakata na nan yadda ya sa ta.

"Ina Tasi'u?"

"Ya koma gida, Baba. Ba shi da lafiya."

"Allah ya ba shi. Bai bar maka saƙo ba?"

"Bai bari ba."

Dattijon ya ɗauki makirfo ya kai baki.

"Ai ka share mana wurinmu, ɗan nan."

Muryar ta cika ɗakin ta kowace lasifika. Nafi'u ya dubi na'ura. Akwai 'yan fitilu kore da ke tsalle duk lokacin da sauti ya shiga, ko da tari ne. Ba ɗaya da ta motsa.

Nafi'u ya fara jan Ayatul Kursiyyu a zuci, tana kakkarye masa.

"Karanta abinka, mu ma muna karantawa," in ji dattijon. "Ba cuta ta kawo ni ba. 'Yata ta haihu, yau suna. Zabiyarmu ta taso daga nesa. In mun yi taro, kayanku muke ara, Tasi'u ya sani. Yanzu ka mayar mana da abin da ka ɗauke."

"Baba, wallahi ban sani ba. Ya gogu. Ba ya dawowa."

"Da hannu aka yi na farko."

"Amma na'urar ba ta nuna muryarku."

"Kana da kunne." Dattijon ya dubi taga. "Ka gama kafin ladan ya kira magariba. Da ya kira, dangin uban jariri za su shigo. Su ba su saba da ɗan Adam ba. Ba na iya yi maka alkawari a kansu."

A bayan Nafi'u, kujerar roba ta ja ƙasa. Ƙiii. Sai wata. Sai wata kusa da shi, har ya ji iska ta taɓa masa ƙeya, mai ƙanshin turaren wuta da danshin rijiya.

"Kada ka waiwaya. Matan gida ne. Dubi aikinka."

Nafi'u ya ɗora hannu a kan maɓallan. Dattijon ya miƙa makirfon gefe, ya sake shi. Bai faɗi ba. Ya tsaya a iska, daidai tsayin bakin mace.

Zabiyar ta gwada murya. Nafi'u bai ji ta da kunne ba tukuna, a haƙora ya ji ta. Ya tura maɓalli ɗaya yadda ya saba yi wa mawaƙan biki. Lasifikoki suka ƙwala wata ƙara da ta sa gilashin taga ya tsage daga sama har ƙasa. Wani jariri ya tsandara kuka a bayansa. Kujerun suka daina motsi. Wani abu mai sanyi, kamar tafin hannu, ya sauka a kafaɗarsa ya zauna.

"A hankali," dattijon ya ce, ba da Nafi'u yake ba. Sannan ya dube shi. "Saura kaɗan rana ta faɗi."

Nafi'u ya runtse ido. Ya nemo hoton abin da ya gani kafin ya goge. Ya ja maɓallan ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ya yanke kauri. Ya kama na ƙarshe yana turawa sama a hankali, gumi na shiga masa ido. Wani ɗumi ya gangaro masa daga hanci, ya ɗiga a allon. Jini ne. Bai share ba.

Sai muryar ta fito.

Siririya ce, mai daɗin da ke sa tsoro. Ba da Hausa take waƙar ba, amma ya san kirari take yi wa jariri. Kukan ya tsaya. Hannun ya ɗaga daga kafaɗarsa. Guɗa ta tashi daga kujerun da babu kowa a kai.

"Ajiye shi," in ji dattijon.

"Wane suna zan sa?"

"Namu ba ya rubutuwa."

Ya ajiye shi haka. Daga masallacin bakin titi aka ji ladan yana hura lasifika, yana shirin kira. A daidai nan wani abu mai nauyi ya fara saukowa daga tsamiya. Rassa na karyewa. Ba ɗaya ba ne.

Sai ga dattijon a gabansa, bai ga tahowarsa ba. Ya sunkuya ya tofa masa wani abu a kunnen dama.

"Tukuicinka. Fita da baya, idonka a ƙasa. Kada ka ɗauki komai."

Ya fita da baya, yana laluben bango. Sakata ta zare kanta. Ƙafarsa na taka waje, ladan ya ce Allahu Akbar, ƙofa ta rufe garam. Ko takalmi bai ɗauka ba. Da gudu ya isa masallaci, ya faɗa sahu ba alwala, sai da wani ya janye shi ya zuba masa ruwa a kai.

Da safe bai shiga ba sai da mai gadi ya raka shi. Kujeru a jere, an share ɗakin tas. Walima ta tashi lafiya, mutane na cewa ba su taɓa jin karatu ya fita haka ba.

Tun daga ranar, kunnen nan nasa yana jin lasifikar da za ta lalace tun kafin ta lalace. Har Zariya da Gusau ake zuwa ɗaukarsa aiki. Amma kunnen bai tsaya nan ba. In ya wuce kango, yana jin ana daka. In ya bi ta maƙabarta, yana jin ana ciniki. Wani lokaci yana cikin cin tuwo da iyalinsa sai ya amsa sallamar da ba wanda ya ji. Yanzu da auduga yake toshe shi, ba ya cirewa sai zai yi aiki.

Don haka in kun gaji wuri, ku tambayi wanda ya riga ku kafin ku yi shara. Kuma kada magariba ta riski ɗayanku shi kaɗai a ɗakin taro. In kun tashi, wasu ne ke zama.

Wa zai raka ni in rufe ƙofar zaure?