Tabon Da Ke Bayan Idonsa

Cikin idonsa ta fara gani kafin fuskarsa. Ita ce mai ɗaukar hoton bayan ido a asibitin, shi kuma tela ne da zare ya daina shigar masa allura.

A allon na'urar ta ga farin tabo kamar auduga, dab da inda gani ya fi kaifi.

"Malama, kin yi shiru. Na mutu ne?"

"Ɗora haɓarka dai, ka daina motsi."

Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce da ake ɗauka daga kashin kyanwa. Amma ba ita ta fi ɓarna ba. Garkuwar jikinsa ce ta tashi yaƙi, tana ƙona idon da take karewa. Sai an fara kashe ƙwayar, sannan a lallashi garkuwar.

Duk Talata yana zuwa hoto. A mako na huɗu saƙonsa ya shigo: "Mai hotona, kin ga bayan idona. Yaushe za ki duba ƙirjina?"

Sau uku tana rubutawa tana gogewa, ƙarshe ta tura: "Ka sha maganinka, telana."

Da maganar aurensu ta isa gidansu, Baba ya ce a'a. "Ban rene ki don ki ja wa miji sanda ba." Ya hana ta ko amsa wayarsa. Ba ta yi musu ba, sai dai ta rame har zobenta yana zamewa.

Wata safiya ta durƙusa, ta ajiye hoton idon a gabansa.

"Baba, ƙwayar ƴar mitsitsiya ce. Duk wannan ƙunar, mai tsaron idon ne ya yi ta. Kariya ya nufa, amma ya ƙona."

Baba ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya kalli wuyan hannunta.

"Tabon zai tafi?"

"Ba zai tafi ba. Yana ma iya tashi. Na sani, na kuma yarda."

Baba ya tsinke maɓallin rigarsa. "Ce masa ya zo da allura."

Da telan ya zo, sai a karo na uku zaren ya shiga allurar.

"Maɓallin ya karkace," in ji Baba.

"Hannu ne ke rawa, Baba, ba ido ba," in ji telan.

Da wannan rigar Baba ya ba da aurenta, bai bari an gyara maɓallin ba. Ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya tsare muku ganinku, ya zaunar da ku lafiya."