Buhun Gyaɗar Mata Goma

Haulat na tsakar gida tana tsince gyaɗa a faifai, mijinta Zubair na gefe yana satar ƙwaya ɗai-ɗai tana buge masa hannu, sai ga yayansa Inuwa ya faɗo ko sallamar kirki babu. Ruwan shuka ya sauka a Toranke, kuma kowa ya san irin gandun gidan ya ƙare a tukunya tun bazara.

"Zubairu, ɗauko min buhun gyaɗar nan na ɗakinku. Gobe shuka."

Haulat ta durƙusa. "Yaya, ka yi haƙuri, ba tawa ba ce. Ƙungiyar matan Islamiyya ce ta ba ni bashi babu ruwa, in matse mai su saya da daraja, in biya. Mu goma ne, kowacce ta tsaya wa 'yar'uwarta. In ɗaya ta gaza, duk an rufe mana."

"Mata goman ne za su ciyar da mu in kaka ta zo rumbu wayam?"

Inna, mahaifiyarsu, ta leƙo daga ɗaki. "Yarinya, a gidan nan kike ci. Kada in sake jin bakinki."

Haulat ta dubi Zubair. Mutumin da ya sha taka keke har garinsu Gafasa cikin rana don kawai ya ga murmushinta, shi ne ya sunkuyar da kai, ya shiga ya saɓo buhun da kansa. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Ranar kai mai, Malama Hindatu, shugabar ƙungiya, ta tambaye ta har sau uku. Haulat dai hawaye take, ta ƙi tona asirin gidan miji. Aka dakatar da su duka. Hanne, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, kuma ita ce a layin karɓa, ta tare ta a ƙofa.

"Haulat, abincin marayuna kika ci. Na bar ki da Allah."

Ta koma gida ta yi girki, ta kai wa Inna, ta kai wa Yaya, kamar ba komai. Amma ta rame, matan unguwa suka daina amsa gaisuwarta, dariya ta bar ɗakinsu.

"Haulat, sori mana, ki dube ni," in ji Zubair.

"Ni na yafe. Sorin ka kai wa Hanne."

Kwana biyu maganar na cin sa. A na uku ya jinginar da gayaunarsa, 'yar gonar da ya mallaka shi kaɗai, ya sayi gyaɗa a kasuwar Gaya, ya sauke a ƙofar Islamiyya. Daga bayan zana ya ɗaga murya:

"Malama, matata ba ta ci amana ba. Ni na ɗauka, mu muka shuka. Ku yafe mata."

Matan ajin duk suka juya suka dubi Haulat. Hanne ce ta fara fashewa da kuka, ta rungume Haulat tana neman gafara.

A gida kuwa wuta ta tashi. Inuwa ya ce tunda Zubair ya kunyata su gaban mata, a raba gandu, kuma ko dami ɗaya bai ba shi ba. Inna ta koma mayar da kwanon Haulat a rufe yadda aka kai. Zubair ya zama mai juya wa Haulat tunkuza a turmi, samari na yi masa dariya, ya toshe kunne.

Sai da damina biyu ta wuce man Haulat ya fanso gayaunar, Hanne ma ta tsaya da ƙafarta. Haƙurin Haulat bai faɗi ƙasa ba. Amma a yi hattara: wanda ya yi shiru ranar da ake zaluntar masoyinsa, gyaran zai yi masa tsada. Zubair ya dawo da zuciyar matarsa, sai dai har Inna ta koma ga Allah ba ta sake kiran sunansa ba.